Rini ko bairas: da wanne za ka bi sawun jijiyoyin da ke shiga cibiyoyin ƙaramar ƙwaƙwalwa?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar bincike a kan cibiyoyin da ke binne a cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato sashen nan da ke ƙeya a ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, ba zai yi nisa ba zai ci karo da tambaya guda: daga ina saƙo yake shigo wa cibiyar da na zaɓa? Hanyoyin amsa ta a jikin dabba sun kasu gida biyu a yau. Akwai tsohuwar hanya ta rini, inda ake ɗiga sinadari a cikin cibiyar, bakunan jijiyoyi su tsotse shi, su kai shi baya har jikin ƙwayar da ta aiko su. Akwai kuma sabuwar hanya ta bairas da aka gyara a ɗakin gwaji, musamman na ciwon haukan kare. Ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku a sassan ilimin ginin jikin mutum da na dabbobi nake wa wannan rubutu, waɗanda suke buɗe mujallun waje su ga hotuna masu ƙyalli, zuciya ta raya musu cewa in ba da bairas ba aikinsu bai cika ba. A ganina tambayar da ke hannunka ce ya kamata ta zaɓa maka hanya, kuma a wannan lungu na ƙwaƙwalwa akwai wani tarko da ya fi kuɗi da kayan aiki nauyi a kan sikeli.

A mutum cibiyoyin huɗu ne a kowane gefe: dentet a can waje, ita ce babba, sai embolifom da gulobos, sai fastijiyal a kusa da tsakiya, a kan rufin kogon ruwa na huɗu. A ɓera ana kiran biyun tsakiyar intafos ta gaba da intafos ta baya. Ƙaramar ƙwaƙwalwa na ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwar mutum baki ɗaya, amma kusan duk abin da wannan taro ya lissafa ta waɗannan 'yan cibiyoyi yake fita, ban da ɗan kason da ke zarcewa kai tsaye zuwa cibiyoyin daidaita tsayuwa. Shi ya sa likitoci ma suka sa musu ido. A 2023 ayarin Andre Machado na Cleveland Clinic a Amurka ya wallafa sakamakon dasa wayar lantarki a dentet ta mutum 12 da shanyewar ɓarin jiki ta raunana musu hannu, don a ga ko motsa cibiyar zai taimaka wa farfaɗowa. Wanda zai motsa cibiya da lantarki yana bukatar sanin waɗanne zarurruka ne suke shiga cikinta, da waɗanda suke ratsawa ta gefenta.

Manyan masu shigowa uku ne, kuma ba ɗaya suke ba wajen sauƙin ganewa.

Na farko ƙwayoyin Purkinje ne na ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa, waɗanda Jan Purkyně ya bayyana a 1837. Su ne kaɗai mafitar ɓawon, kuma a 1964 Masao Ito da Yoshida suka nuna cewa aikinsu dannewa ne, abin da ya ba mutane mamaki a lokacin. Da sinadarin GABA suke magana, bakunansu sun mamaye jikin ƙwayar cibiyar da gindin rassanta, su ne kuma mafi yawan mahaɗan da ke wurin, wato wuraren da bakin jijiya ke haɗuwa da ƙwaya ya miƙa mata saƙo. Ba sa hutawa, sukan harba saƙo sau hamsin ko fiye a daƙiƙa ko dabba na kwance. Tun 1940 Jansen da Brodal suka tsara taswirarsu: tsakiyar ɓawo na zuwa fastijiyal, gefen tsakiya na zuwa intafos, can gefe na zuwa dentet. Jan Voogd na Holan ya zo ya ƙara tsefe ta zuwa siraran layuka daga gaba zuwa baya, A da B da C1 da C2 da C3 da D, kowane layi da cibiyarsa. Ko yawan ƙwayoyin Purkinje da ke taruwa a kan ƙwayar cibiya guda an sha bamban a kai. Ƙiyasin Palkovits na 1977 a kyanwa ya kai wajen 860, amma da Abigail Person da Indira Raman suka auna da lantarki a ƙaramin ɓera (nau'in mouse, ba babban ɓera rat ba) a 2012, wajen 40 suka samu. Dabbobin sun bambanta, hanyoyin aunawa sun bambanta, ga kuma irin tazarar da ta fito.

Na biyu reshe ne daga zarurruka masu hawa. Waɗannan daga cibiyar zaitun ta ƙasa suke tasowa, a gindin ƙwaƙwalwa, su tsallaka zuwa ɗaya gefen, su hau su nannaɗe ƙwayar Purkinje. A kan hanya sukan jefa siririn reshe cikin cibiya, kuma tsarin a daidaite yake, kowane sashe na zaitun da cibiyarsa: babban zaitun na ba dentet, mataimakin zaitun na sama na ba intafos ta gaba, goshin mataimaki na tsakiya na ba intafos ta baya, wutsiyarsa kuma na ba fastijiyal. Ka riƙe wannan jeri da kyau, zai yi maka amfani a gaban madubin ƙara girma, wato maikiroskof.

Na uku, inda rigima take, reshe ne daga zarurrukan gansakuka, waɗanda aka ba wannan suna saboda bakunansu sun yi kama da gansakuka. Suna tasowa daga wurare da yawa: cibiyoyin gadar ƙwaƙwalwa (pons), cibiyar raga da ke saman gadar, cibiyar raga ta gefe a gindin ƙwaƙwalwa, laka, da cibiyoyin daidaita tsayuwa. Dukkansu ɓawo suka nufa, su zuga ƙananan ƙwayoyin da ke ciki. Wasu na ba cibiyoyi reshe a kan hanya, wasu na wucewa ba ko sallama. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A gwajin da McCormick da Thompson suka wallafa a 1984, ana koya wa zomo ƙifta ido da jin wani sauti da ke zuwa gab da a hura masa iska a ido, kuma da aka lalata intafos sai abin da ya koya ya ɓace. Labarin sautin ta gada yake shigowa a kan zaren gansakuka, labarin iskar kuma ta zaitun. To in har wani ɓangare na koyon a cikin cibiyar yake zaune, dole a san ko zaren sautin yana da baki a cikinta, da yawan bakunan, da irin ƙwayar da suke sauka a kanta.

Bayan waɗannan akwai ƙananan masu shigowa da litattafan aji ba su cika ambato ba: serotonin daga gindin ƙwaƙwalwa, noradirenalin daga cibiyar lokus seruliyus, histamin daga haifotalamus, wanda Espen Dietrichs ya nuna hanyarsa zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa a 1984, da kuma reshen da jar cibiya ta tsakiyar ƙwaƙwalwa ke mayarwa intafos.

Ga tarkon. Cibiyoyin nan a tsakiyar farin nama suke zaune, kuma farin naman nan ba komai ba ne illa zarurrukan gansakuka da masu hawa da ke kan hanyarsu ta zuwa ɓawo, da zarurrukan Purkinje masu saukowa. Wanda ya ɗiga rini a wurin kamar mai ƙidaya ne da ya tsaya a tashar mota ta garin da ke kan babban titi, yana rubuta duk wanda ya gani a matsayin ɗan gari, alhali rabinsu matafiya ne da suka tsaya shan ruwa. Ƙari a kan haka, allurar ba ta da hanyar isa cibiya sai ta huda ɓawon da ke samanta, ɓawon kuwa daga zaitun da gada da laka yake karɓar saƙo, wato daidai wuraren da kake nema. Ɗigo ɗaya ya zube a kan hanyar allura, gada za ta cika da ƙwayoyi masu rini, ka yi murna, alhali ɓawo ka auna. A sauran sassan ƙwaƙwalwa wannan matsala gargaɗi ce da ake rubutawa a ƙarshen takarda. A nan ita ce ke yanke hukuncin ko sakamakonka yana da ma'ana.

Mu fara da rini. Tarihinsa ya faro da HRP, wani furotin na tsiro da Kristensson da Olsson suka nuna a 1971 cewa jijiya na iya jan sa baya, LaVail da LaVail kuma suka tabbatar da haka a cikin ƙwaƙwalwa a 1972. Yau biyu ne suka fi dacewa da ɗalibi: Fluoro-Gold, wanda Schmued da Fallon suka gabatar a 1986, da CTB, wato ɓangaren B na dafin kwalara. Kada sunan ya tsorata ka, ɓangaren da ke sa gudawa an cire shi, wanda ya rage shi ne mai manne wa fatar ƙwaya.

Fluoro-Gold yana da sauƙin sha'ani. Ka narka shi kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ka sa, ka jira mako ɗaya zuwa biyu, ka yanka ƙwaƙwalwa, ka duba a ƙarƙashin hasken altarabayolet, ƙwayoyi su fito da launin zinare ba tare da wani ƙarin wanki ba. Amma yana ƙona naman da ke tsakiyar wurin allura in ya yi yawa, zaren da ya ji rauni kuwa shi ne ya fi shan rini, kuma tun 1990 aka nuna cewa zarurruka masu wucewa na iya ɗaukarsa. A cibiyar da ke kewaye da matafiya wannan babban aibi ne. Yana kuma bukatar madubi mai ƙyalli da matatar haske ta musamman, wadda ba kowane sashe ke da ita ba.

CTB na fi so, kuma zan faɗi dalili. Ba ya bazuwa da nisa, ba ya ƙona nama, yana cika jikin ƙwaya har gindin rassanta ta yadda za ka gane siffarta. Ana iya sayensa a haɗe da launi mai ƙyalli, kore ko ja, har ka sa kore a intafos, ja a dentet ta dabba guda, ka ga ko akwai ƙwayar da ke aika wa duka biyun. Ana kuma iya sayen tsuransa, a fito da shi da antibodi da sinadarin DAB, ya bar launin ƙasa-ƙasa da ba ya kodewa, wanda madubin aji na yau da kullum zai nuna, gilashin kuma ya shekara goma a akwati yana nan yadda yake. Ga wanda wutar lantarki ba ta tsaya masa ba, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Kwana 5 zuwa 7 sun isa jira.

CTB na tafiya gaba da baya. Wasu na ɗaukar haka illa, amma a nan sheda ce kyauta. In da gaske ka sami intafos ta gaba ta dama, za ka ga bakunan jijiya a jar cibiya ta hagu da talamus na hagu, ka ga siririn layin ƙwayoyin Purkinje a dama, ka ga ƙwayoyi a mataimakin zaitun na sama na hagu. In ka tarar babban zaitun ma ya cika, ka san rini ya malala cikin dentet ko ya taɓa layin D na ɓawo. Ƙwaƙwalwar da kanta take gaya maka inda allurarka ta sauka.

Shi ma CTB ba tsarkakakke ba ne, a 1995 Chen da Aston-Jones sun nuna masu wucewa na iya ɗaukarsa. Abin da ke rage haɗarin shi ne yadda aka sa shi. Sirinji mai kauri da rabin maikirolita na rini ɓarna ce a cibiyar da faɗinta bai wuce milimita ɗaya ko kusa da haka ba. Gara bututun gilashi mai bakin maikiromita 10 zuwa 20, a tura rinin da 'yar wutar lantarki ta maikiro'amfiya kaɗan, tana kunnuwa tana mutuwa duk daƙiƙa bakwai, a juya wutar yayin shiga da fita don kada ya ɗiga a ɓawo, a kuma bar bututun minti goma a wurin kafin a zare shi.

Duk da haka, rini na baya shi kaɗai ba ya rufe magana. Sai an juya gwajin: a sa rini mai tafiya gaba, BDA ko PHA-L, a wurin da ake zargin shi ne tushe, a zo cikin cibiya a nemi bakuna masu kumburi a ƙarshen reshe. Da wannan hanya Yoshikazu Shinoda da Izumi Sugihara da abokan aikinsu a Tokyo suka yi aikin da har yau ake dogaro da shi. A shekarun 1990 sun riƙa bin zare ɗaya tak, yanka bayan yanka, suna zana shi daga tushe har ƙarshe. Sun nuna cewa a babban ɓera zaren zaitun guda na rabuwa zuwa masu hawa wajen bakwai, tare da siririn reshe zuwa cibiya, kuma zarurrukan cibiyar raga ta gefe na ba cibiyoyi reshe sosai. Irin waɗannan ayyuka ne suka fayyace cewa zarurrukan gindin gada, duk da ɗimbin yawansu, rowar reshe suke yi idan aka gwada su da na cibiyar raga da ke saman gadar. Babu bairas a cikin wannan aiki, haƙuri ne da madubi da fensir. Ina so ɗalibi ya san haka kafin ya raina abin da ke hannunsa.

Abin da rini ba zai taɓa gaya maka ba shi ne wace ƙwaya ce a cikin cibiyar take karɓar saƙon. Cibiya ba iri ɗaya ce ta ƙwayoyi ba. Akwai manya masu gulutamet, sinadarin zuga, da ke aikawa talamus da jar cibiya. Akwai ƙanana masu GABA da ke komawa zaitun su danne shi. A fastijiyal akwai manya masu gilaisin da ke sauka gindin ƙwaƙwalwa ta gefensu. Akwai masu magana a cikin gida, akwai masu mayar da reshe ɓawo. Zaren gansakuka da ya sauka a kan babbar ƙwaya mai fita ma'anarsa daban da wanda ya sauka a kan mai komawa zaitun. Rini duka yake jiƙawa. Nan ne bairas ya shigo da abin da babu kamarsa.

Tun 1995 Gabriella Ugolini ta nuna cewa bairas ɗin haukan kare na tsallaka mahaɗar jijiya ta baya cikin tsari, ba ya fantsama ga maƙwabta. Peter Strick da ɗalibansa a Pittsburgh sun yi amfani da cikakkensa a birai suka ƙara tabbatar da cewa dentet na da hanya zuwa sassan tunani na babbar ƙwaƙwalwa. Amma cikakken bairas ba ya tsayawa, yana ta tsallake har ka rasa wa ke magana da wa. A 2007 Ian Wickersham da Edward Callaway suka yi masa dabaibayi biyu. Sun cire masa ƙwayar gadon furotin G, wanda in babu shi ba ya iya tsallakawa, suka sa furotin mai ƙyalli a gurbinsa. Sun kuma sa masa rigar EnvA ta wani bairas na tsuntsaye, wadda ba ta buɗe ƙofa sai a ƙwayar da ke da makarɓin TVA, dabbobi masu shayarwa kuwa ba su da shi. Sai ka fara sa wani bairas mai taimako, AAV, wanda zai ba irin ƙwayar da ka zaɓa kaɗai TVA da G. Zaɓin yana bin ta ƙaramin ɓera da aka gyara wa gado yana ɗauke da Cre, furotin da ke kunna mai taimakon, a wannan irin ƙwaya, misali Vglut2-Cre don masu gulutamet ko Vgat-Cre don masu dannewa. Bayan mako 2 zuwa 3 ka koma daidai wurin ka sa na haukan karen. Ya shiga ƙwayoyin farawa, ya sami G, ya tsallaka taki ɗaya baya, ya tsaya. Bayan kamar mako guda ka yanka.

Ka lura da abin da wannan ya yi wa tarkonmu: zare mai wucewa ba shi da TVA, don haka bairas ba shi da hanyar shigarsa. Matsalar da ta dami masu rini shekaru da yawa ta ragu ƙwarai. Ɗakin gwajin Person a Jami'ar Colorado ya yi amfani da wannan hanya a intafos, a aikin da suka wallafa a 2021, suka kwatanta masu shigo wa ƙwayoyi masu zuga da na masu dannewa. Tambaya ce da CTB ba shi da ta cewa a kanta.

Sai dai bairas ya zo da nasa tarkunan, kuma ɗaya daga ciki na wannan wuri ne musamman. Ƙwayoyin Purkinje ma masu GABA ne, suna ɗauke da Cre a ɓeran Vgat. In mai taimako ya zube a hanyar allura, ko ya shiga ta bakunansu da suka cika cibiyar, sai su zama ƙwayoyin farawa ba ka sani ba, zaitun ya yi haske saboda su, ka rubuta cewa ƙwayoyin cibiya yake ba saƙo. Dole ka bi kowace yanka ka ƙirga inda ƙwayoyin farawa suke. Na biyu, TVA kaɗan ya isa buɗe ƙofa, kuma mai taimako yakan yi ɗan yoyo ko babu Cre, don haka sai ka maimaita gwajin a ɓeran da ba shi da Cre ka ga nawa ne ke haske a banza. Na uku, bairas ba ya kama duk masu shigowa, kaso yake kamawa, kuma ba daidai yake tsallaka kowace irin mahaɗa ba. Masu fesa serotonin ko histamin a fili ba tare da matsattsiyar mahaɗa ba sukan fito ƙasa da yadda suke. Rashin haske a wuri ba hujja ba ce cewa babu hanya, yawan ƙwayoyi masu haske kuma ba ma'aunin ƙarfin saƙo ba ne. Na huɗu, nau'in SAD B19 da aka fi amfani da shi yana lalata ƙwayar da ya shiga cikin kamar mako biyu, ko da yake nau'in CVS-N2c da aka gabatar a 2016 ya fi shi sauƙi a kan ƙwaya, ya kuma fi shi tsallakawa.

Ga kuma nauyin da ke wajen madubi. Ɓerayen Cre sai an shigo da su daga wuri irin Jackson Laboratory a Amurka, a yi kiwonsu a ɗaki mai tsayayyen sanyi, a riƙa gwada gadon kowane ɗa. Bairas a cikin busasshiyar ƙanƙara yake tafiya, a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili yake zama, in ya narke ya sake daskarewa ƙarfinsa ya faɗi. Ana aiki da shi a ɗakin kariya na mataki na biyu, ana kuma shawartar mai taɓa shi ya yi rigakafin haukan kare tukuna. A Najeriya halittun da aka gyara wa gado suna ƙarƙashin hukumar NBMA da dokar 2015 ta kafa, sai da izininta, ban da na kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka. Tiyata biyu ce a wuri guda, a dabbar da cibiyarta ke wajen milimita 6 bayan alamar buregma, wato mahaɗar ƙasusuwan saman ƙoƙon kai da ake fara awo daga ita, kusa da babbar jijiyar jini ta ƙeya mai saurin ɓallewa. Digiri na biyu mai wata goma sha takwas zai iya ƙarewa kafin ɓeran farko ya isa yanka.

Akwai hanya ta tsakiya da ake yawan tambayata a kai, wato AAV mai komawa baya, wanda Tervo da abokan aikinsa suka fitar a 2016 daga cibiyar Janelia. Allura ɗaya ce, ba ya kashe ƙwaya, haɗarinsa kaɗan ne, kuma yana iya kai wa ƙwayar tushe furotin da za a kunna ta da haske daga baya. Amma yana da son kai, yana shiga wasu irin jijiyoyi sosai, wasu kuwa da ƙyar, kuma kamar rini bai san wace ƙwaya ce ke karɓa ba. In taswira kake so ka zana, bai fi CTB ba, ga shi yana bukatar firiza. Amfaninsa na ga wanda ya riga ya san hanyar, yana so ya kunna ta ko ya kashe ta ya ga me dabba za ta yi.

To wanne za ka ɗauka? In tambayarka ita ce waɗanne sassa ne ke aika wa wannan cibiya, ko yadda taswirar take canjawa da shekaru, ko bayan wani guba ko ciwo, ɗauki CTB da babban ɓeran Wistar da ke gidan dabbobin sashenku. Cibiyarsa ta fi ta ƙaramin ɓera girma, tana wajen milimita 11 bayan buregma, kuma taswirar Paxinos da Watson, wadda ta fara fitowa a 1982, za ta kai ka. In kuma dabbar gida ce a ranka, zaɓin ma bai taso ba. Masu ilimin ginin jikin dabbobi a Zariya da Ibadan sun yi shekaru suna bayyana ƙwaƙwalwar gafiya, kuma babu gafiya mai Cre. Rini bai damu da irin dabba ba, sai dai za ka fara auna wurin cibiyoyin da kanka a kan kawuna da dama, domin lambobin ɓeran Wistar ba za su yi mata daidai ba. Wannan aiki ne da mu muka fi kowa damar yinsa, kuma ina ganin ya fi maimaita abin da aka riga aka yi a ƙaramin ɓera daraja.

In tambayarka kuwa ita ce wace irin ƙwaya ce a cikin cibiyar ke karɓa daga wa, kada ka wahalar da rini, ba zai amsa ba. Nemi haɗin gwiwa da ɗakin gwajin da ya riga ya mallaki ɓerayen da izinin, ka je can ka yi tiyatar, ka dawo da gilasai ko hotuna ka yi ƙidaya a gida. Ɗaukar hoton ma ba lallai sai waje ba, cibiyar BioRTC da aka buɗe a 2021 a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu tana da madubin konfokal. Wanda ya je da taswirar CTB ta kansa a hannu ya fi wanda ya je hannu rabbana, domin ya riga ya san inda zai sa ran ganin haske da inda hasken zai zama abin tuhuma.

Kowace ka ɗauka, ka ware dabbobi uku ko huɗu tun a takardar neman izini don gwajin da ɗalibai suka fi tsallakewa: ka saukar da allura ta hanyar da ka saba, ka tsaya a ɓawon da ke saman cibiyar, ka sa daidai adadin da ka saba sawa, kada ka taɓa cibiyar. Ka ƙara ɗaya da za ka sa wa a farin naman da ke gefenta. Duk sashen da ya yi haske a waɗannan dabbobi kamar yadda ya yi a na ainihi, kada ka rubuta shi cikin masu shigo wa cibiya sai ka sa BDA a can ka ga bakunansa a cikinta da idonka, in da hali tare da antibodin VGLUT1 ko VGLUT2 da zai nuna cewa bakin mai zuba gulutamet ne.